Tambayoyi da amsoshi kan haɗa kayan awo da hannu idan za a yi wa inji amra, wato babban gyara

Kafin ruwan farko ya sauka a Gadarif da ke gabashin Sudan, warshoshi cike suke da taraktocin Massey Ferguson da aka kwance, kowane manomi yana so a haɗa masa tasa kafin shukar dawa da riɗi. A Mai Wurno da Sinnar kuma injunan ban ruwa ne da tsofaffin Hilux. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan awo suka yi wuya suka yi tsada, maikuromita ɗaya, wato ma'aunin kauri mai karanta ƙasa da kaurin gashi, sai ta zagaya warsha biyar. Ga tambayoyin da makanikai da yaran warsha suka fi yi a kan abin da mutum zai iya haɗa wa kansa.

Usta (ogan warsha), kayan awon da aka haɗa a warsha za su iya tsayawa a madadin maikuromita?

Ba za su iya ba. Aikinsu iri biyu ne: su kwatanta wuri da wuri, ko su ɗauko faɗin wurin da ma'auni ba ya shiga a kawo shi inda za a karanta. A nan suna da amfani ƙwarai, kuma sukan raba gardamar ko inji yana buƙatar zuwa wurin masu tuni, wato masu yankan ƙarfe da inji, da gyaran bulok ko ringi kawai zai sha. Amma abu biyu sai an saya: fila, wato siraran faifan ƙarfen nan masu lamba daga 0.05 zuwa milimita 1, da baniya, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ake zamewa a kama kaya, mai karanta 0.02. Duk sauran abin da za mu faɗa a kan waɗannan biyun ya dogara. Kaurin wuyan kiranshaf da tazarar fistin da silinda kuwa, waɗannan sai maikuromita, ko ta aro ce.

Ta yaya zan san baniyata ba ƙarya take yi mini ba?

Sami sabon boris ka ajiye shi don wannan aiki kaɗai. Ana ƙera boris da daidaiton da ya wuce abin da baniya ke iya gani. Lamba 6205 raminsa milimita 25, bayansa 52, kaurinsa 15. Lamba 6203 kuma 17 da 40 da 12. Goge shi, goge bakin baniya, rufe ta ka ga ko sifiri ya hau kan sifiri, sannan ka auna bayan boris ɗin a gindin baki da kuma a tsini. Idan gindi ya ba ka 52.00 tsini ya ba ka 51.94, bakin ya buɗe saboda tsufa, kuma duk abin da ka auna da tsinin zai fito ƙasa da gaskiyarsa. Irin wannan baniya ana iya ci gaba da aiki da ita muddin a wuri ɗaya ake kama kaya kullum.

Fila ta ɓace. Me zan sa a madadinta?

Takardar A4 mai giram 80 kaurinta kusan 0.10 ne. Ka tabbatar da kanka: matse falle 50 da baniya, za ka ga kusan milimita 5, ka raba da 50. Jikin gwangwanin lemo da rezar aski mai baki biyu su ma suna wajen 0.10. Ruwan zarton yankan ƙarfe, in an goge haƙoransa, wajen 0.6 ne. Matsalar takarda ita ce tana lotsewa, tana kuma shan mai ta kumbura, don haka kowane yanki sau ɗaya ake amfani da shi. Gwangwani kuma almakashi yana tayar masa da baki, sai an shafe bakin a kan dutsen wasa wuƙa kafin a sa. Wannan na fita kunya ne a gona, ranar kasuwa a sayi fila.

Ba ni da ma'aunin cikin silinda. Yaya zan san yawan cin da ta yi?

Da ringi ɗaya da fila. Dabarar tana kan lissafin da'ira: duk faɗin da silinda ta ƙara, bakin ringi yana buɗewa da ninkinsa 3.14. Ke nan ringin yana faɗaɗa maka ƙaramin bambanci har ya kai girman da fila za ta kama.

Wanke silinda da kananzir, ka kankare baƙin da ya daskare a sama. Saka ringi, ka tura shi da kan fistin da aka kifa don ya zauna daidai, ba a karkace ba. Wuri na farko shi ne dab da ƙarƙashin gaɓar nan da ake ji da farce a saman silinda, inda ringin sama yake tsayawa ya juya. Nan ne ci ya fi yawa, domin nan zafi da matsi suka fi, mai kuma ya fi ƙaranci. Auna bakin ringin ka rubuta. Tura shi tsakiya ka auna. Sannan ka kai shi can ƙasa inda ringi ba ya kaiwa, wurin da silinda take yadda aka ƙera ta. A ce sama ya ba ka 0.70, ƙasa 0.40. Bambanci 0.30, raba da 3.14, ka sami kusan 0.10. Wannan shi ne cin. A yawancin injuna, idan ya doshi 0.20 sabon ringi ba zai daɗe ba, domin a kowane hawa da sauka sai ya buɗe ya tsuke har ya gaji ya karye ko ya cinye ramin fistin. Sai dai a faɗaɗa silinda ko a sauya layina.

Abin da wannan awo ba ya nunawa shi ne ko ramin ya koma siffar ƙwai, saboda ringi matsakaicin zagayen yake ba ka. Haska tocila ta ƙasa: in haske yana ɓullowa tsakanin ringi da bango a gefe biyu, ramin ya bar da'ira. Kuma in za a sa sabon ringi ba tare da faɗaɗawa ba, dole a cire gaɓar saman nan, in ba haka ba sabon ringi mai kaifin baki zai doke ta ya fasa fistin.

To ta yaya zan auna ko ramin ya zama ƙwai?

Haɗa sandar awo. Sami dogon noti na haɗi da bol biyu na M6, ɗaya ta kowane gefe. Goge kawunansu su yi kumburi kamar kan ƙwai, ka sa wa ɗaya noti na kullewa. Zaren M6 milimita 1 yake tafiya a kowane zagaye. Saka sandar a silinda, ka warware ta har ta taɓa bango biyu, ka riƙa lilo da ita a hankali. Inda ta wuce da ɗan ja kaɗan, nan ne faɗin gaskiya. Kulle, fito da ita, auna. Yi haka a layin kiranshaf, ka sake yi a gicciye, domin ta gefen da fistin ke jingina ne ake samun ci. Don ka san inda ka dosa: Toyota 22R da 2L faɗinsu 92, 3L 96, 1HZ 94, Perkins mai silinda uku na MF 135 kuma 91.44.

Nawa ya kamata bakin sabon ringi ya buɗe?

Littafin injin shi ne gaba. In babu, ƙa'idar da aka saba ita ce 0.10 ga kowane milimita 25 na faɗin silinda, wato wajen 0.35 zuwa 0.40 ga silinda 92. Ana aunawa a ƙasan silinda inda ta fi tsukewa. Ya ɗan fi yawa ba laifi. Ya yi kaɗan ne hatsari: ringi ya yi zafi, bakinsa ya haɗu, ya karce bango. In za ka buɗe shi, kafa siririn magagari a bayis, ka ja ringin daga waje zuwa ciki don kada rufin da ke fuskarsa ya ɓare.

Babu Plastigage, wato zaren robar nan da ake matsewa a auna tazara, a kasuwa. Yaya zan auna tazarar metal, wato faifan da kiranshaf ke juyawa a kansa, da kiranshaf? An ce a sa wayar dalma.

Kada ka sa dalma a metal na zamani. Fuskarsa taushi ne da ita, wayar za ta nutse a ciki ta bar kwari, awon ya fito ƙarya, metal ɗin kuma ya lalace. Dalma ta manyan tsofaffin injuna ce.

Hanyar da ta fi lafiya ita ce ta ɗan falle. Kifa bulok, kiranshaf yana kwance a kan metal na sama. Yanki ɗan falle mai faɗin milimita 6, tsawonsa bai kai faɗin metal ba, kaurinsa daidai da iyakar tazarar da aka yarda. Shafa masa mai, ɗora shi a kan wuyan kiranshaf a tsaye da tsawon wuyan, mayar da murfi, ɗaure da ƙarfin da littafi ya ce. Sai ka motsa kiranshaf yatsa biyu gaba yatsa biyu baya. Kada ka zagaya shi gaba ɗaya, zai ja fallen ya karce metal. In ya kame ko ya yi nauyi sosai, tazarar ba ta kai kaurin fallen ba. In yana motsi sakayau kamar babu komai a ciki, ta wuce. Murfi ɗaya ake yi a lokaci guda, a cire fallen kafin a koma na gaba.

Ƙa'idar tazara kusan 0.025 ce ga kowane milimita 25 na kaurin wuya. A 22R babban wuya milimita 60 ne, tazarar da ake so tsakanin 0.025 da 0.055. Ke nan in ka sa takardar A4 a ciki kiranshaf bai ko ji ta ba, magana ta ƙare, sai tuni. Wannan awo yana gaya maka ya wuce ko bai wuce ba ne kawai. Ba ya gaya maka ko wuyan ya zama ƙwai, ba ya kuma gaya maka ko za a yanke shi zuwa goma, ashirin ko talatin, wato 0.25, 0.50 ko 0.75. Mai yankan ne zai auna da maikuromita, kuma kada ka sayi metal sai ya faɗa maka lambar.

Wani abu da ake yawan mantawa: ƙura. Ƙwayar yashi ɗaya a bayan metal tana tura shi ciki ta cinye tazarar gaba ɗaya. Ranar da habub, wato guguwar ƙura, ya taso, a rufe inji da leda a jira.

Kan inji ya yi zafi. Yaya zan san ko ya lanƙwashe?

Kana buƙatar miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon santimita 50 zuwa 60. Rula ta kafinta ba ta isa ba. Sami falalen ƙarfe mai kaurin milimita 8 ko 10 ka kai a goge masa gefe ɗaya a injin da ake goge kan inji. In za ka gwada miƙewarsa, haɗa shi baki da baki da wani ka duba haske ta tsakani. Amma biyu suna iya ruɗinka, ɗaya ya yi ciki ɗaya ya yi doro su zauna da juna lafiya. Sai da na uku: in kowane biyu daga cikin ukun sun haɗu babu haske, duka miƙaƙƙu ne.

Kankare ragowar gasket sarai. Ɗora ƙarfen a tsaye da bakinsa, a tsawon kan gefe biyu da tsakiya, sannan kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, sannan a gicciye tsakanin silinda da silinda. Ko'ina ka gwada tura fila. Iyakar kamfanoni takan faɗa tsakanin 0.05 da 0.15. Tsakanin silinda biyu na tsakiya ne aka fi samun lotsawa. A auna fuskar bulok ma, ba kai kaɗai ba.

Masu goge kai da sanfefa a kan gilashi: ga ƙaramin inji mai silinda ɗaya, da gilashi mai kaurin milimita 10 a kan teburi mai kyau, yana yi. Ga kan silinda huɗu ba mu yarda da shi ba, gefuna yake cinyewa ya bar tsakiya. Kuma kan da kamshaf yake samansa, in ya lanƙwashe mazaunin kamshaf ma ya lanƙwashe. Ɗora kamshaf babu roka ka juya da hannu. In yana kamewa, goge ƙasa kaɗai ba zai warkar da shi ba.

Da ƙarfen nan dai ake auna fitowar layina da ta fistin sama da fuskar bulok. Danne layina da bol da wasa, gicciya ƙarfen a kanta, tura fila tsakaninsa da bulok a wuri huɗu. A injunan dizal irin 3L da 1HZ, da fitowar fistin ake zaɓar kaurin gasket, don haka ba a saye shi da ka.

Alamar taimin ta goge a fuli. Yaya zan gano ƙololuwar fistin?

Sukudireba a ramin fulogi ba ta isa ba. A inji kamar 22R, daga digiri 3 kafin ƙololuwa zuwa ƙololuwar fistin ba ya motsa ko 0.1, hannu ba zai ji ba. Abin yi shi ne a tare fistin a hanya ta gefe biyu a raba tsakani.

Ɗauki tsohon fulogi, fasa farin kaskon ka fitar, yanke ƙugiyar ƙasa, saka bol M8 a ciki ya leƙo kamar milimita 15 zuwa 20, ka goge kansa ya yi santsi. Cire kan batir, domin in wani ya taɓa sitata fistin ya huje. Sassauta rokokin silinda ta ɗaya don kada bawul ya buɗe ya doki bol ɗin. Kafa waya mai tsini a jikin inji tana nuna fuli. Juya da hannu a hankali har fistin ya taɓa, yi alama. Juya baya har ya sake taɓawa, yi alama. Tsakiyar alamomin biyu ita ce ƙololuwa.

Digiri kuma, auna zagayen fuli da tsiri na takarda ka raba da 360. Fuli mai faɗin milimita 150 zagayensa 471, kowane digiri 1.31, digiri 10 kuwa milimita 13.

A dizal mai miƙaƙƙun bawul irin Perkins, bawul ɗin kansa ne ma'auni. Kawo fistin kusa da sama, cire sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke mayar da bawul, na bawul ɗaya, ɗaure waya a wuyansa, ka bar shi ya zauna a kan fistin. Juya baya har ya sauka milimita 5 da awon baniya, yi alama a filawil. Wuce ƙololuwa har ya sake sauka milimita 5, yi alama, raba biyu. Wayar nan ita ce ke hana bawul faɗawa cikin silinda, wanda in ya faru sai an sake ɗaga kai.

Taimin famfon gas fa, a injin ban ruwa?

Yanki tsohon bututun nozul ka bar santimita 10 da notinsa, lanƙwasa shi kamar wuyan agwagwa, ka yanke bakin a karkace don ɗigo ya fito sarai. Cire ɗan bawul da sifirin da ke saman famfo, mayar da mazauninsu, ɗaura bututun. Buɗe mai, sandar mai a cike. Juya filawil ta inda inji ke juyawa, a hawan matsi. Gas zai riƙa zuba, ya koma ɗigo, ya tsaya. Inda ya tsaya nan famfo ke fara turawa, kuma nan alamar filawil ya kamata ta zo. Wannan na injin Lister ne da famfunan da ke jere. Famfo mai juyawa irin CAV na yawancin taraktocin Massey ba a yi masa haka, alamominsa ake bi. Ɗan bawul ɗin a ajiye shi cikin gas mai tsabta, kada ya taɓa ƙasa.

Mene ne amfanin dalma ke nan?

Auna tazarar kan fistin da kan inji. Ɗora guntaye biyu na wayar dalma a kan fistin, daidai saman fin, gefe da gefe, ka liƙa su da giris. Ɗaure kai da gasket, juya filawil ya wuce ƙololuwa sau ɗaya, kwance, auna kaurin da suka baje. A Lister 6/1 ana neman wajen 1.1 zuwa 1.3, ana kuma gyarawa da ƙara ko rage fallayen da ke ƙarƙashin silinda. In tazarar ta yi yawa inji yana wuyar tashi da safe yana farin hayaƙi.

Ba ni da sifanar awon ɗauri. Ko kuma ina da ita amma ban yarda da ita ba.

Ɗauri nauyi ne sau tsawon hannu. Bol ɗin kan 22R kilo-mita 8 yake so, wato jan kilo 8 a hannu mai tsawon mita ɗaya, ko Nm 78. Sa bututu a sifana, auna santimita 50 daga tsakiyar bol, rataya sikelin ƙugiya a nan, ka ja har ya nuna kilo 16. Jan ya zama a gicciye da bututun, a hankali, babu fizga. In ka ja a karkace, ɗaurin zai gaza abin da sikeli ya nuna.

Gwajin sifanar kuma da jarka ake yi, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kama kan sifanar a bayis, hannunta a kwance. Auna daga tsakiyar kai zuwa tsakiyar mariƙi. In santimita 40 ne, kilo 20 ne zai ba da kilo-mita 8. In 45 ne, kilo 17.8. Auna jarkar da ruwanta a sikelin masu dawa, domin ita ma tana da nauyinta. Saita sifanar a 78, rataya jarkar a hankali. In ta yi ƙara tun kafin ka saki, tana ɗaure ƙasa da lambarta. In ka saki ba ta yi ba, tana wuce gona da iri.

Injunan da littafi ya ce a ƙara digiri 90 bayan ɗauri, kamar 3L da 1HZ, ɗigon fenti a kan bol ta gefen gaban inji ya isa: kwata ɗaya ya koma gefe, kwata na biyu ya kalli baya. Daga kusurwar noti zuwa ta kusa da ita digiri 60 ne. Duk wannan banza ne in ramin bol yana da datti. Tsaga tsohon bol a tsawonsa da zarto ka riƙa shigar da shi yana kwaso dattin, ka kuma tsane mai ko ruwan da ya kwanta a gindin ramin, domin bol yana iya matse shi ya tsaga bulok.

An goge kan inji sau biyu. Yaya zan san matsi bai yi yawa ba?

Sirinji na cc 20 daga kemis, da gilashi ko roba mai gani da aka huda. Kifa kan, bawul da fulogi a ciki, shafa giris siriri a bakin ramin, danna gilashin, ɗan karkata shi hujin ya zama a sama. Zuba kananzir da aka rina da jan man giya kana ƙirgawa har kumfar iska ta ƙare. Ramuka huɗun kada su bambanta da fiye da cc 1.

Cikin silinda: faɗi sau faɗi sau tafiyar fistin sau 0.7854, a raba da 1000. A 22R, 92 da 92 da 89 suna ba da cc 592. In duk sararin da ya rage sama da fistin, har da na gasket, cc 74 ne, haɗa 592 da 74 ka raba da 74, ka sami 9. Goge 0.5 daga kai yana iya cire har cc 3, matsi ya haura 9.3. Da fetur mara kyau da zafin Mayu, nan ƙwanƙwasa ke farawa, sai a nemi gasket mai kauri.

Kiranshaf ya lanƙwashe ko bai lanƙwashe ba?

Bulok ɗin kansa ne mazauni. Bar metal na farko da na ƙarshe kawai, shafa mai, kwantar da kiranshaf. Ɗaure waya mai kauri da bol tsininta yana kusa da wuyan tsakiya, ka juya kana auna tazarar da fila a wuri huɗu. In bambancin ya wuce 0.10, a kai a duba. Wasan gaba da baya kuma, tura shi da sukudireba ka sa fila a gefen wasar da ke tare shi. Yawanci 0.05 zuwa 0.25 ake nema.

Na auna da safe na sami lamba, da azahar na sami wata. Wanne ne daidai?

Wanda aka yi kaya da ma'auni suna zafi ɗaya. Lambobin littafi a kan digiri 20 aka rubuta su, mu kuwa a Afrilu inuwa ma tana wuce 40. Ƙarfe da ƙarfe ba damuwa sosai, tunda baniya da kiranshaf tare suke buɗewa. Alminiyam ne matsala, yana buɗewa ninki biyu na ƙarfe. Fistin mai faɗin 92 da aka bari a rana ya fi bulok zafi da digiri 25 zai ƙaru da kusan 0.05, abin da ya kai duk tazarar da ke tsakaninsa da silinda a injunan fetur da yawa. A ajiye fistin da bulok da ma'auni a inuwa ɗaya tun dare, a yi awon bayan asuba. Kayan da aka dawo da su daga wurin tuni ko aka wanke da ruwan zafi, a ba su awa biyu ko uku su huce kafin a taɓa su da ma'auni.